Daga Kurkukun En'e Zuwa Bayan Kanta

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a majalisunmu na hira, tun daga Tudun Wadar Gusau har bakin tashar Tsafe da kasuwar Bunguɗu. Duk ranar da labari ya iso cewa an yi awon gaba da wani saurayi saboda ya liƙa hoton ɗan takara, ko ya kira gidan rediyo ya faɗi ra'ayinsa, ko ya rubuta wata 'yar magana a Facebook wadda ba ta yi wa masu mulki daɗi ba, da wuya ka ji wani ya ce, "Wace doka ya karya?" Abin da za ka ji shi ne, "To shi me ya kai shi?" Daga nan sai wani ya gyara zama ya ce ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a yi dariya, a ci gaba da shan shayi. Shi kuwa yaro yana can bayan kanta, ba uwarsa ba ubansa ba wanda ya san ko ya ci ko bai ci ba, balle a san abin da ake yi wa jikinsa.

Da wannan tambaya muke faɗa a wannan rubutu, domin a ganinmu ita ce ke riƙe wa azzalumi ƙafa. Ta ɗauke laifi daga kan wanda ya kama, ta ɗora shi a kan wanda aka kama. Ta mayar da adawa wani irin ganganci, kamar shiga kogi da damina, alhali kuwa adawa haƙƙi ce da tsarin mulkin ƙasa ya rubuta baƙi da fari. Kuma kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba muna magana a kan ɗan daba mai gora da adda ba, wanda ake ba ƙwaya da naira dubu biyu ya je ya tarwatsa taron wasu. Wannan a kama shi, a kai shi gaban alƙali, ko na wace jam'iyya ne. Muna magana ne a kan tela da ɗan acaɓa da malamin firamare da mai sayar da katin waya, waɗanda makaminsu bai wuce baki da hula da ƙuri'a ba. Su ne ake kamawa. Shugaban jam'iyya yana da lauyoyi da 'yan jarida da fasfo, in abin ya yi zafi ya hau jirgi. Mabiyi ba shi da kowa sai Allah.

Wannan ciwo ba yau ya same mu ba, kuma mu mutanen wannan yanki bai kamata a ce sai an ba mu labarinsa daga nesa ba. In ka bar Gusau ka wuce Bunguɗu kan hanyar Sakkwato, garin da za ka tarar shi ne Maru. A kwalejin horon malamai ta Maru ne Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa, malamin makaranta irinmu da alli a hannu, kafin ya ajiye aikin a ƙarshen 1950 ya rungumi siyasa. A ranar 8 ga Agustan shekarar ne wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maiƙwaru da Magaji Ɗambatta da mawaƙi Mudi Sipikin. Abin da mabiyan wannan jam'iyya suka sha daga lokacin har zuwa juyin mulkin Janairun 1966 shi ne darasin farko da ya kamata duk mai cewa "me ya kai shi" ya zauna ya karanta.

A duba yadda aka ɗinka rigar. Sarki shi ne shugaban En'e. En'e ita ke ɗaukar ɗan doka, ta ba shi kaki da kulki, ta biya shi a ƙarshen wata. Ita ke naɗa alƙali, ta ƙara masa girma in ta ga dama, ta tuɓe shi in ta ga dama. Gidan yari nata ne, Yari mai tsaronsa ma'aikacinta ne. Ita ke yanka haraji da jangali ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, ita ce kuma ke ba da takardar izinin yin lacca. Sannan ga babban ƙulli: mafi yawan 'yan takarar jam'iyyar NPC mai mulki manyan ma'aikatan En'e ne, ko 'ya'yan sarauta. Ke nan wanda kake takara da shi, shi ne mai ɗan sandan da zai kama ka, shi ne mai alƙalin da zai yanke maka hukunci, shi ne mai kurkukun da za ka kwana. Lauya kuwa doka ba ta yarda ya tsaya a kotun alƙali ba. Ka nemi izinin lacca a hana ka; ka yi ba izini a ce ka karya doka; ka ambaci sunan hakimi a ce ka zagi sarauta; ka taru da abokanka a zaure a ce kuna shirin tayar da hankali. Wata uku, wata shida, bulala a bainar jama'a. Wanda ba a ɗaure ba kuma akwai wasu hanyoyin lanƙwasa shi: a ninka masa haraji, a tashe shi daga rumfarsa ta kasuwa, a sa surukansa su matsa sai an raba aurensa. Tsofaffin 'yan Sawaba sun sha ba da labarin yadda akan ɗaure mutum da igiya a tasa ƙeyarsa a ƙasa daga ƙauye zuwa garin hakimi, don kowa ya gani ya shiga taitayinsa.

Ko mace ba ta tsira ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, aka fara ɗaure ta a Kano saboda ta shiga gidaje tana wayar da kan matan kulle, kuma kafin ta bar duniya a 2001 an ƙirga mata shiga kurkuku sau 16. An yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, an taɓa lakaɗa mata duka aka yar da ita a daji ana zaton ta mutu. Laifinta shi ne ta ce mace ma ta yi zaɓe, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a 1976. Yau duk 'yar siyasar da ta ɗaura ɗankwali ta hau mumbari sai ta kira sunan Gambo, akwai asibiti da sunanta a Zariya, amma a lokacin da take kwance a kan simintin gidan yari mun tabbata akwai masu zama a gindin bishiya suna cewa ita me ya kai ta, mace da siyasa.

Ba mu ce 'yan NEPU mala'iku ne ba. Bakinsu yana da kaifi, waƙoƙinsu suna da dafi, kuma an sha ba hamata iska tsakanin matasansu da na NPC. Ba mu kuma ce da an sakar musu mara da sun cinye Arewa ba. A zaɓen tarayya na 1959 kujeru 8 suka samu, NPC ta kwashi 134. Abin da muke cewa shi ne babu wanda zai iya sanin ainihin ƙarfinsu, tunda an yi kokawar ne hannunsu ɗaya a ɗaure, alƙalin wasa kuma ɗan gidan abokin karawa ne.

To amma ga wani abu da ya faru a nan Gusau wanda ba a cika son tuna shi ba. A 1938, bayan an naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka ba Ahmadu Bello sarautar Sardauna, aka turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, aka gurfanar da shi a kotun Sarkin Musulmi, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Mutane da yawa a lokacin, da masana tarihi daga baya, sun ɗauki shari'ar a matsayin ragowar gabar neman sarauta. Sardauna ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka sake duba hujjoji, aka wanke shi sarai. Jama'a, a tsaya a yi tunani a nan. Jinin Shehu Usmanu ne, ɗan boko da ya fito daga Kwalejin Katsina, mai abokai a ko'ina, amma da ya zama shi ne ake gani a matsayin abokin hamayya, kotun En'e ba ta yi masa adalci ba sai da ya fita daga hannunta. Abin da ya cece shi shi ne samun wata kotu wadda mai ƙararsa ba shi da iko da ita. Ba don mu rage wa marigayi Sardauna daraja muka kawo wannan ba, ayyukansa sun fi ƙarfin alƙalaminmu. Mun kawo shi ne don mu yi tambaya: in mai wannan gata sai da ya je Zariya kafin ya sami gaskiyarsa, ina talakan Kwatarkwashi ko na 'Yandoton Daji zai je, wanda bai san ma akwai wani abu wai shi ɗaukaka ƙara ba? Abin takaici kuma shi ne, da mulkin Arewa ya dawo hannun jam'iyyar da Sardauna ke shugabanta, wannan kotu da ta ɗaure shi ba a raba ta da masu sarauta ba. Sai da soja suka zo, tsakanin 1967 da 1970, sannan aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e.

Da an ce wannan gyara ya kashe cutar da mun yi barci. Ina! Rigar kawai ta sauya. A Janairun 1980, ana cikin mulkin farar hula, aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Barno kuma ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, aka tsallakar da shi iyakar Chadi wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da ƙasarsa. A Afrilun shekarar, a nan Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja ta Biyu, wadda ta ba da ikon tsare mutum wata uku ba tare da shari'a ba, in sun cika a sabunta, kotu kuma ba ta da bakin magana. A Agustan 1985 aka hamɓarar da shi, shi ma ya zauna a tsare har ƙarshen 1988 ba a kai shi gaban kowane alƙali ba. Dokar ta rayu ta yi wa Babangida aiki, ta yi wa Abacha, ba a soke ta ba sai a 1999. Mu da muka yi wayo a zamanin Abacha mun ga an ɗaure Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa a 1995, mun ji rasuwar Shehu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997, da ta Abiola a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. Marubuta kuwa ba su da uzurin mantuwa, domin Ken Saro-Wiwa da aka rataye a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995 ya taɓa shugabantar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, amma abin mamaki duk wanda ya fito daga ɗakin ya hau kujera, sai ya ajiye makullin a aljihu maimakon ya jefa shi rijiya. A mulkin Buhari na farar hula ma Sambo Dasuƙi ya shekara huɗu a tsare, daga Disambar 2015 zuwa Disambar 2019, alhali kotuna sun sha ba da belinsa.

Yau fa? Yau a kan takarda ba mu da abin kuka. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa, na 40 ya ba kowa ikon taro da shiga jam'iyyar da ya so. A 2017 aka sa hannu a kan dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wani azaba, ta kuma toshe masa ƙofar cewa oda ce daga sama, ko ƙasa na cikin halin yaƙi. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Duk wannan muna koyar da shi a aji, a darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, mu rubuta a allo yara su kwafa su haddace don jarrabawa. Sai dai duk malamin da ya taɓa koyar da wannan darasi a babbar sakandare ya san irin murmushin da ke fitowa daga kujerun baya in an zo wurin awa 24 ɗin nan. Yaran ba rashin kunya suke yi ba. Sun san yayyensu, sun san maƙwabtansu, sun san kwana nawa suka yi.

Yadda ake zagaye dokar ba wani asiri ba ne. A kama mutum ranar Juma'a da la'asar, lokacin da kotuna sun tashi, ya kwana uku kafin a ce uffan. A karɓe wayarsa tun a mota don kada ya kira kowa. 'Yan'uwa su zo caji ofis a ce ba ya nan, su je wani a ce ba a san da zamansa ba. In an ga za a matsa, a ɗauke shi zuwa hedikwata, ko a wuce da shi Abuja inda ba shi da mai kai masa ko ruwan sha. In kuma dole sai an je kotu, sai a rubuta masa laifi mai nauyi, kamar haɗa baki da 'yan bindiga ko cin amanar ƙasa, a kai shi gaban majistaren da aka san ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Majistare ba zai iya sallamarsa ba, ba zai iya yi masa shari'a ba, abin da ya rage sai ya tura shi gidan wakafi a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Shawarar nan tana iya shekara ba ta zo ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukuncin komai ba, jira kawai suke yi. Kuma mai kamun ba ya bukatar ya ci shari'a. Bukatarsa ita ce mutumin ya ɓace daga gari har a gama zaɓe, sauran 'yan unguwa kuma su ga abin da ya same shi.

A nan ne maganar azaba ke shigowa, kuma a nan muke son mai karatu ya buɗe kunne. Awa 24 ɗin nan da tsarin mulki ya yanka ba ado ba ne na lauyoyi, garkuwar fatar mutum ce. Duka da rataya da hana barci ba a gaban alƙali ake yin su ba, ba kuma a ranar da lauya ya zo ziyara ba. Ana yin su ne a kwanakin farko, a ɗakin da ba taga, lokacin da babu wani mahaluki a waje da ya san inda mutum yake. Duk kwanan da aka ƙara a ɓoye, an ƙara wa mai kulki dama, an kuma ba tabo lokacin warkewa kafin wani ya gani. A 2007 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya mai binciken azabtarwa, Manfred Nowak, ya zagaya wuraren tsare mutane a Nijeriya ya ce abin ya zama ruwan dare a hannun 'yan sanda. A 2014 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto mai ɗauke da bayanin waɗanda aka rataye a jikin ƙarfe, da waɗanda aka zare wa farce, da waɗanda aka sa wa wutar lantarki, duk don su sa hannu a takardar da ba su suka rubuta ba. An rushe rundunar SARS a Oktoban 2020 bayan zanga-zangar matasa, amma ɗakunan ba a rushe su ba. Dokar shaida ta ce iƙirarin da aka tatsa da azaba ba hujja ba ne, malaman fiƙihu ma sun daɗe da faɗin haka game da wanda aka tilasta. To a nuna mana jami'i nawa aka ɗaure da dokar 2017 tun da aka kafa ta.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta: Zamfara tana cikin yaƙi, ba lokacin surutun 'yanci ba ne. Wallahi ba wanda zai koya mana zafin wannan yaƙi. Ɗalibanmu ne aka kwashe a Jangebe a Fabrairun 2021, mu ne muka zauna ba waya a Satumbar shekarar da aka katse layukan sadarwa, mu ne ke karanta duk addu'ar da muka iya kafin mu hau hanyar Tsafe zuwa Funtuwa. Amma wace alaƙa ce tsakanin mai bindiga a daji da mai liƙa fasta a gari? Motar da aka tura ta ɗauko yaro saboda rubutun Facebook, da man da ta sha, da jami'an da ke cikinta, ai ƙauye aka hana su. Kuma mun ga yadda ake sa wa siyasa rigar tsaro. A tsakiyar Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu kafofin watsa labarai a Gusau, cikinsu har da NTA da Pride FM da Gamji, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP a lokacin da gwamnati ta ce ta hana tarukan siyasa don matsalar tsaro. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta ce gwamnatin jiha ba ta da wannan iko, aka janye umarnin aka ba da haƙuri. Wata biyar bayan haka, a Maris 2023, ɗan takarar da aka yi taron dominsa, Dauda Lawal, ya ci zaɓe.

In akwai jihar da ya kamata 'yan siyasarta su ji tsoron wannan makami, to tamu ce, don babu inda kujera ke juyawa kamar nan. Matawalle da kansa ɗan adawa ne har ranar 24 ga Mayu 2019 da Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC ta miƙa masa mulki, a 2021 kuma ya koma jam'iyyar da ya kayar, waɗanda suka yi masa wahala suka wayi gari su ne 'yan adawa. Kafin shi Mahmuda Shinkafi ya bar ANPP ya koma PDP yana kan mulki. Mai ba da oda da safe yana iya zama wanda ake nema da yamma, abin da ya ci Doma kuma ba ya barin Awai. Har ma akwai abin dariya a ciki. Hukuncin da ya tabbatar da cewa ɗan Nijeriya ba ya bukatar izinin 'yan sanda kafin ya yi taron lumana, wanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007, jam'iyyar ANPP ce ta jagoranci neman sa, bayan an watsa wa taronta barkonon tsohuwa a Kano a Satumbar 2003. ANPP ɗin nan ita ke mulkin Zamfara a lokacin. Da yawa daga cikin manyanmu na yau 'ya'yanta ne, sun san daɗin wannan hukunci sa'ad da suke ƙasa.

Wanda kuma yake zaton abin ya tsaya a kan manya, ya tuna ranar 1 ga Nuwamba 2024. A ranar aka gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya ta Abuja saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu ƙananan yara ne da aka kwaso daga Kano da Kaduna, sa'o'in 'yan ajinmu. Sun yi kusan wata uku a tsare. Ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda yunwa, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Da hotunan suka zagaya duniya sai shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su, cikin 'yan kwanaki aka janye ƙarar. To in da laifin na gaske ne, yaya aka yi ya narke da umarni ɗaya? In kuwa babu shi tun farko, wa zai biya su wata ukun? Su ma sun yi sa'a an ga fuskarsu. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma kuma mai sukar gwamnati a intanet, wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna a farkon Agustan 2019, shekaru suka yi ta wucewa babu hukumar da ta fito ta ce ga inda yake.

Saura masu kawo mana hujjar biyayya ga shugabanni, wai sukar mai mulki fitina ce. Muna girmama malamanmu, amma tarihin ƙasar nan a buɗe yake. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ba da izinin zuciyar sarakuna ba. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami a wata babbar salla wajen 1788 ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba, sai ya nemi abubuwa biyar a madadinta. A cikinsu akwai a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsa kiran, a sassauta wa talakawa haraji, a kuma saki waɗanda ke kurkuku. Ta haka aka saki Abarshi na gidan sarautar Zamfara. A lura da na biyun nan: Shehu bai tsaya ga neman 'yancin bakinsa kaɗai ba, sai da ya nema wa mabiyi kariya, domin ya san a kan mabiyi sanda ke sauka. Wanda duk ke alfahari da wannan daula, ya kuma ce a bar ɗan adawa ya ruɓe a bayan kanta, sai ya faɗa mana a wane ɓangare zai zauna da yana filin Magami a ranar.

Ba sabuwar doka muke roƙo ba, waɗanda ke akwai ma ba a taɓa su ba. Dokar 2015 da ta 2020 duk sun wajabta wa babban majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar waɗanda aka kama, ya ga mutanen da idonsa, ya ba da beli inda ya dace. Wannan ziyara kaɗai, in ana yin ta ba sanarwa, ta isa ta rage rabin abin da ake yi a ɗakunan nan. Reshen ƙungiyar lauyoyi na Gusau yana da ikon ya tambaya a rubuce ko ana yin ta a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ya kuma buga amsar da aka ba shi kowa ya gani. Jam'iyyun da ke tara matasa su raba musu riguna da huluna, su ajiye lauya ɗaya da lambar waya ɗaya da uwa za ta kira da tsakar dare in an tafi da ɗanta. Jam'iyyar da ta kasa wannan ba ta cancanci a sha rana dominta ba.

Mu kuma masu alli da alƙalami akwai bashi a kanmu. Sunayen shugabannin NEPU suna cikin littattafai, amma na mabiyansu na Gusau da Ƙauran Namoda da Tsafe da Talatar Mafara, waɗanda suka sha bulalar, suna cikin kawunan tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuma kullum sai an rage ɗaya. Wanda yake da shekara 20 a zaɓen 1959 yau ya haura 85. Kowace waya tana ɗaukar murya. A je a zauna da su, da matansu da 'ya'yansu, a tambaye su wace kotu, wane alƙali, wata nawa, wa ya riƙe gidan kafin su fito, a rubuta da Hausa yadda suka faɗa. A buɗe wani littafin kuma na waɗanda ake kamawa yanzu, ko 'yan wace jam'iyya ne: ranar da aka tafi da mutum, inda aka kai shi, ranar da aka fara barin wani nasa ya gan shi, da halin da jikinsa yake ciki a ranar.